Kafaɗar da Malam Shu'aibu Ya Miƙar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina bakin ruwa a Wara aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran Malam Shu'aibu Wakili a gidansa da ke Yelwa. Tsohon malamin wasanni ne da ya koyi gashin ƙashi, kuma daga Shanga har Ngaski babu ɗan kokawa ko matuƙin jirgin tsere da bai san zaurensa ba.

Malam, ni ne Mustapha, wanda kake kira Sarkin Gardama. Kafaɗata ta dama ce ta goce a tseren kwale-kwale. Mai ɗori ya mayar da ita, Allah Ya saka masa, amma Inna ta hana ni kwance ɗaurin sai zafi ya tafi ƙaf. Haka muka saba: abin da ya ji ciwo a ɗaure shi, a bar shi ya huta. Da aka kwance bayan watanni, hannun ya ƙage. Ko hula ba na iya ɗorawa a kai, balle in jefa birgin kamun kifi, ga shi da birgin nan nake ciyar da gida. Wallahi na riga na fid da rai.

Da aka kai ni zaurenka, ka dube ni ka ce, "Hutun nan ne ya cuce ka." Na zaci magani za ka ba ni, sai ka tsayar da ni gaban bango, wai in riƙa hawansa da yatsu. Ka sa na riƙe filafilina na tuƙa jirgi da hannu biyu, mai lafiyar yana jan majinyacin sama. Sannan ka shimfiɗa tabarma, na durƙusa na miƙa hannuwa gaba ina jan numfashi a hankali, ka ce a wasu ƙasashe yoga suke kiransa. Na ce, "Haba Malam, ƙato kamata a gan ni ina miƙa kamar kyanwa?" Ka yi dariya har da tari.

Da damina ta ɓata hanya, kai ka biyo ni Wara a kan babur. Inna ta tare ka a ƙofa, wai za ka ɓalle mata ɗa. Ba ka yi fushi ba. Ka zauna ka nuna mata komai, har ta koma ita ke tsare ni a bango kullum safiya. A waccan shekarar ka hana ni tsere, na yi ta mita, ka ƙi sassautawa. Shekarar da ta biyo na riƙe filafili a gaban jirginmu, na hango ka a gaɓa kana ihu kamar yaro. Ban taɓa ganin haƙuri irin naka ba.

Da aka fito da kai, mu da ka gyara muka yi ta rububin makara. Na kutsa na sa mata kafaɗar dama, ban bar wa kowa wurin ba har bakin kabari.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hansatu, da 'yarka Mufida, da dukkan dangi. Allah Ya ba su haƙuri. Kai kuma Malam, Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hannun nan da ka miƙar, shi nake ɗagawa yau ina roƙa maka gafara. Amin.