Dutsen Alhaji Garba

Shekarar da jirgin ƙasa na cikin Riyad ya fara ɗaukar mutane, akwai wata Alhamis da har yau ba ta fita raina ba. Ina tafinta a wani kamfanin gine-gine a unguwar Nasim, aikin da na samu bayan na gama karatu. Mudir ɗinmu, wato shugaban aiki, ɗan Koriya ne, Injiniya Pak. Shi ya koya mana go, wasan allo mai fararen duwatsu da baƙaƙe, inda kowa ke ƙoƙarin kewaye fili. Dutsen da aka toshe wa kowace hanya ya mutu.

Azumi ya matso, kowa na son hutun goman ƙarshe don ya tafi Makka, kuma ba zai yiwu a saki kowa ba. Pak ya tara mu a gidan hutu bayan la'asar, ya ce ƙungiyar da ta ci wasa ita ke da hutun. Za a yi na karɓa-karɓa: mutum huɗu-huɗu, kowa ya ajiye dutse ɗaya ya koma baya, ba shawara, ba ƙifta ido. Wannan ya yi mana nauyi, mu da muka saba da dara, inda ɗan kallo ya fi mai wasa surutu.

A ƙungiyarmu akwai ni, da wani Basudane, da Alhaji Garba mai kula da sito, sai Lawal mai awon fili, wanda ke bin Alhaji a layi. Lokacin da Lawal ya zo sabo, ya taɓa kuskuren awo har aka so mayar da shi gida. Alhaji ne ya tsaya gaban kafil, mai ɗaukar nauyin zamanmu, ya ce yaron nasa ne. Daga baya Lawal ya zama ogansa, ya yi masa faɗa a gaban leburori, gaisuwa ta yanke tsakaninsu.

Muna kan gaba, Lawal kuwa ya riga ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin Umara. Sai Alhaji, da idonsa ya yi rauni, ya ajiye dutse a tsakiyar filin abokan hamayya. Ko ni na ga mushe ne. Dabara ita ce a bar shi. Basudanen ya yi tari har sau biyu, Pak ya ɗaga masa yatsa.

Lawal ya daɗe tsaye, sannan ya ajiye nasa a jikin na Alhaji. Zagaye ya dawo, ya sake. Ni ma na bi shi. Duk suka mutu tare, hutun ya tafi.

Pak ya ce in tambayi Lawal dalili, tunda ya fi kowa iya wasan. Lawal ya sunkuyar da kai.

"Malam Sani, ka ce masa ranar da na zama mushe, Baba bai bar ni ni kaɗai ba."

Na fassara yadda na iya. Wasan nan ya koya mini cewa ba ka zaɓen wanda ya riga ka sa hannu, abin da ya bari kake ɗorawa a kai.

Da aka kira magariba, Alhaji ya miƙa wa Lawal butarsa.

"Wawa, ka zubar da Umara saboda tsoho. To, ka biya. Yi alwala ka ja mu salla."