Hoton Hantar Inna

Shekarar da damina ta yi mana rowa, sojoji na kan mulki, a ita ce ciwon Inna, mahaifiyata, ya dawo. Can baya an taɓa yanke mata wani tsiro a hanji, muka yi ta hamdala, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Gudawa ta sake tsinke mata, fuskarta kan ɗau zafi kamar bakin murhu. Likitan Tasawa ya ce sai an ɗauki hoton cikinta da na'urar sikana a Yamai. Ta sayar da jajayen awakinta, na raka ta.

Aka tura ta cikin na'urar, aka fito mana da hoto baƙi wuluk, ya fi faifai faɗi. Likita ya kara shi a fitila ya nuna mini ɗige-ɗige, ya ce tsiron ne ya bazu a hanta. Magani zai rage azaba kawai, amma a riƙa ciyar da ita sosai.

Da muka koma garinmu Kona, Baffa ya karɓi hoton. Wan mahaifina ne, tun rasuwar Baba rumbun gida ke hannunsa, shi ke auna wa kowane ɗaki hatsi da kwanon tiya. Ya fita ƙofar gida ya ɗaga hoton ga rana, abokansa suka yi caa. Matar da ko kallabinta bai taɓa zamewa gaban surukai ba, ga hantarta tana yawo hannu-hannu.

"Ɗiyata, mi likita yac ce? Tana tashi?"

"Baffa, rai na Allah ne."

"Hakanan na. Amma ba a zuba iri bisa dutsi."

Washegari awon ɗakinmu ya koma rabi. Na yi kuka, na yi masa rashin kunya, ko gezau. Inna ta ce in kama bakina. 'Yar furar da ta samu ma sai ta turo mini, wai ba ta jin yunwa. Ba ta ga kaka ba. Tsakanin ciwon da yunwa ban san wanda ya riga kai ta ba, kuma har yau ban yafe ba.

Bayan sadakar bakwai na nemi hoton, don ba mu da wani hotonta. Baffa ya nuna mini gindin rumbu. Ɓera ya huda wajen, Baffa ya toshe da hoton, ya kafe da ƙaya.

"Abin ga na da amfani," in ji shi, "ɓera bai iya cin shi."

Na tsuguna na duba. Hantar Inna ce ke gadin hatsin da aka hana ta.