Yadda Na Tashi Maƙwabcina Daga Gidansa

Shekarun baya, ina sabon zuwa Birmingham karatu, na zauna a wani flat a Sparkhill, ɗaki ɗaya da kicin. Iyalina suna Kaduna. Sai in yi kwana uku ban ce uffan ga kowa ba, in ban da godiyar da nake wa direban bas. Ni da a gida ake cewa bakina ba ya hutu.

Wanda ya cece ni wani dattijon Bature ne da ke ƙasan benen, mutumin Arewacin Ireland, tsohon leburan titi. Shi ma ba mata ba ɗa. Na fara ɗaukar masa kayan cefane, shi kuma ya fara dafa mana shayi duk Lahadi da la'asar. Baba nake ce masa, kuma da na faɗa masa ma'anar sai da ya yi murmushi. Gaskiya Lahadin nan ita ce kaɗai abin da nake da shi a garin.

To, kun san halinmu. Bahaushe ba ya zama da mutum bai ji asalinsa ba: wane gari, wace unguwa, ɗan gidan wa. Baba yakan kauce, ya ce in sha shayina kafin ya huce. Ni kuwa na manne masa kamar kaska. Wata rana ya gaji, ya faɗa mini sunan layinsu a Belfast, ya ce yana da ƙanwa a can, rabonsa da ita tun yana saurayi.

Abin ya tsaya mini a rai. A ce mutum ƙanwarsa tana raye, amma ko waya babu? A jami'a akwai wani abokin karatuna ɗan Belfast. Na ba shi sunan Baba da layinsu, har da inda yake zaune yanzu, na roƙe shi ya bincika. Baba kuwa ban gaya masa ba, wai ni a dole sai na ba shi mamaki, ina ta hangen ladan sada zumunci. Bayan mako biyu abokin ya dawo da labari: kawunsa ya san gidan, har ya yi zancen a majalisarsu ta unguwa, kuma tsofaffi da yawa sun tuna Baba.

Ranar Lahadi na sauka baki har kunne. Ina gama bayani, Baba ya ajiye butar shayin a hankali ya zauna.

"Ka faɗa musu inda nake?"

Na ce e, ai don ƙanwarsa ta same shi.

Sannan ya ba ni labarin, ko murya bai ɗaga ba. A zamanin rikicinsu na Katolika da Furotesta, an harbi wani sojan Birtaniya a ƙofar gidansu. Yana kwance yana kiran mahaifiyarsa. Baba ya fita ya tallafe masa kai har ya cika. Kwana biyu bayan haka 'yan bindigar ɓangaren su Baba, masu gaba da sojojin Birtaniya, suka zo fuska a rufe, suka ce shi ɗan leƙen asiri ne, ya bar ƙasar kafin jibi ko a tsinci gawarsa. Ko jana'izar mahaifiyarsa bai je ba. Ƙanwar ta san yana raye, kuma rashin neman junan da suke yi ne ya sa ake barinta ta zauna lafiya a layin.

Na ce, "Amma Baba, ai an yi sulhu tuntuni."

"An yi," in ji shi. "Waɗanda suka zo gidanmu ba su sa hannu a komai ba, kuma ban ji labarin mutuwarsu ba."

Kunya ta lulluɓe ni. Ni ɗan Kaduna, wanda ya san abin da ake nufi in an tare mota an tambayi sunanka, ni ne na ɗauki sunan mutum da adireshinsa na kai.

Ban sani ba ko da gaske wani zai zo nemansa. Wataƙila babu. Amma daga ranar Baba bai sake buɗe labulensa ba, kuma bayan ɗan lokaci hukumar gari ta sama masa wani wurin. Ni na taya shi loda kaya. Da direban ya tambayi inda za su, sai ya rubuta a takarda, ya juya mini baya ya miƙa masa. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Kai mutumin kirki ne, ɗana. Shi ya sa ba zan faɗa maka ba."

Na ƙarasa shekarar nan ni kaɗai, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na Lahadin farko bayan tafiyarsa ba. Har gobe ina son zumunci, amma na gane ba kowane shiru ne gaba ba. Wani shirun, da shi mutane suke kare junansu.

Yanzu ina Manchester da iyalina, a Longsight. Wani lokaci nakan hangi wani tsohon Bature mai irin tafiyarsa yana jiran bas a Stockport Road. Nakan kau da kai in wuce. In ma shi ne, alherin da ya rage in yi masa ke nan.