Mai Carbin Yusur a Suwaiƙa

A kasuwar Suwaiƙa, Saudatu tana tsaye gaban wani dattijo mai sayar da carbin yusur, baƙin murjanin nan da ake cirowa daga ƙarƙashin tekun Jidda. Ba ta san shi ba. Ƙirjinsa faffaɗa ne, idanunsa jajaye, kunnensa na hagu toshe da auduga. A gefensa akwai reshe guda da ba a fere ba, baƙi wuluk, ya baje kamar mafici. Jikinta yana ba ta shi ya nutsa ya yanko shi.

"Ya ammi, baffana, zurfin wurin ya kai nawa?"

Sai da ta maimaita ya ji. "Gaba ashirin, 'yata. Can ƙasa hannu ke gani, ba ido ba."

Wani mai ɗaukar ruwa yana wucewa, salkarsa na yoyo, ruwan ya ɗigo wa dattijon a ƙeya. Nan take ya ɗauke numfashi, ya runtse ido, hannunsa yana laluben igiyar da babu ita. Ya daɗe a haka, jijiyoyin wuyansa a tashe, kafin ya sauke numfashi ya ci gaba da shafa wa carbi mai.

Saudatu ta sake duban baƙin reshen. Kwana tara ke nan da mijinta Abdulganiyyu ya tafi Jidda neman wannan aikin.

"Ana dawowa lafiya?"

"Mu bakwai muka fara," in ji dattijon.

Tana jiran sauran maganar, amma ya mai da kansa kan carbinsa.