Ƙararrawar Keken Malam Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Malam Sale, wanda muka sha ƙurar alli tare a wata firamare a nan Kontagora. Shi yana koyar da lissafi, ni tarihi. Wato shi yana neman amsa, ni ina ba da labarin waɗanda suka rasa ta.

Lissafi ɗaya ne ya gagare shi: ƙanensa Iliya, gwanin magini, wanda shan burkutu ya yi wa dabaibayi. Duk ranar kasuwa, da an tashi daga makaranta, sai Malam ya hau kekensa ya nufi rumfar mashaya a bayan gari. Bai taɓa shiga ba, bai taɓa ɗaga murya ba. Yakan tsaya gindin ɗorawa ya kaɗa ƙararrawa. Iliya ya ajiye ƙwarya, ya fito yana tangaɗi, ya hau baya. Kasuwa na zagayowa, Iliya ya koma rumfar.

Na taɓa ce masa, "Malam, ɗalibin da ya maimaita aji haka, ai korarsa ake yi."

Ya ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni nawa ɗauko shi ne. Shiriya kuwa ba a bayan keke ake goyo ta ba."

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romo. Malam ya yi ta iza wuta har ajali ya cim masa, bai ɗanɗani romon ba. Ranar jana'iza Iliya ya zo yana warin abin, kuma ya fi kowa kuka. Abin ya daɗe yana ci mini rai, har na gane ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai Wanda ya karɓi Malam.

Bayan arba'in na gaji aikin Malam, na je wa Iliya da nasiha da misalai daga tarihi. Iliya ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Baba Malam, Yaya bai taɓa yi mini lacca ba." Na naɗe tabarmata.

Da Malam zai leƙo yau, zai tarar babura sun kori kekuna, ƙwayoyi kuma sun sa mashayi ba ya bukatar rumfa. Ina jin zai tambaya ne kawai, yanzu a gindin wace bishiya ake tsayawa?

Iliya ya yi furfura, kuma ba zan ce ya daina ba. Amma kwanan baya ina wucewa ta wajen rumfar mashayan, wani mai itace ya kaɗa ƙararrawar kekensa. Sai ga Iliya ya fito, ya dubi gindin ɗorawa, ya daɗe tsaye. Sannan ya kama hanyar gida da ƙafa.

Abin da Malam ya iya ke nan, saura na Allah ne. Allah Ya jiƙansa, Ya ƙarasa masa lissafin.