Kuɗin Ƙofa da Ragunan Maigatari

Ana sallame sallar asuba ranar Alhamis ɗin da ta wuce muka bar Kano, mu uku a mota: ni, da direban kamfaninmu, da wani abokina ɗan sanda da ya sa kayan gida. Waɗanda suka saba bin shafina sun san in na yi tafiya tun daga bakin gari nake fara zubo hotuna. Wannan karon ko ɗaya ban ɗauka ba, don ba yawon buɗe ido na fita ba. Maigatari za ni in sa a kama mutum.

Ga yadda abin ya faro. Bara muka fitar da fim a ɗan ƙaramin kamfaninmu, ni ne mai kula da kasuwancinsa. Wani dattijo mutumin Damagaram, Alhaji Isufu, ya karɓi haska shi a ƙasarsu, a kan sharaɗin duk abin da aka samu a ƙofa a fitar da kuɗin haya da na man janareta, saura a raba biyu. Ya haska a cikin gari, da kaka kuma ya ɗora majigi da farin ƙyalle a mota ya zaga ƙauyuka. Labari yana ta zuwa mana cewa fim ya karɓu, amma ko sisi bai biyo labarin ba. Duk lokacin da na kira shi amsarsa ɗaya ce: "Rabonku na saya muku raguna da shi. Ku yi haƙuri Layya ta matso."

Ni kuwa 'yan wasa suna bina, mai tace hoto yana bina, Hajiyar da ta zuba jari ta daina amsa gaisuwata. Fim muka ba mutum, ba kiwo muka sa shi ba. A ganina ban taɓa jin ƙarya mai rainin hankali irin wannan ba. Da watanni suka ja, zuciya ta ɗebe ni na sa hotonsa a zauren wayar da masu shirya fim da masu haskawa ke ciki, na rubuta a ƙasa cewa a kiyayi wannan, maci amana ne. Bai tanka ba. Sai makon jiya ya kira ya ce in same shi a Maigatari ranar kasuwa. Da na gaya wa abokina, ya ce can hayin iyaka ba abin da za mu iya, amma in dai ya taka ƙasar Najeriya, zai yi magana da abokan aikinsa na wurin a riƙe shi har sai kuɗi sun fito. Na ji daɗin shawarar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A Gujungu muka karya. Mai shayin ya zuba mana madara kamar yana ɗiga magani a ido, ya kuma karɓi kuɗin da bara zai ishi mutum biyu. Ƙosan wata tsohuwa da ke gefensa ne ya wanke masa laifi, da zafinsa, da yaji mai ƙuli. Daga nan hanya ta miƙe ta cikin ƙasar Gagarawa. Bazara ta kai maƙura, gonaki an share su fes ana jiran ruwa, amalanken shanu na ta kai taki. Duk inda ka ga inuwar darbejiya akwai mai kwance a ƙasanta, mutum ko akuya. Direba da abokina suna ta gardamar ko ruwan bana zai sauka da wuri, ni kuwa ina baya ina bitar kalaman da zan gaya wa Alhaji Isufu. Har da inda zan ɗaga murya na tsara.

Kafin mu isa Gumel muka fara cin karo da manyan motoci masu hawa biyu, maƙare da raguna, sun nufi kudu. Direba ya rage gudu yana yi musu kuɗi ta taga, wai bana sai dai ya yi Layya da zakara. Muka tsaya a Gumel shan mai. Garin a natse yake, ba hayaniyar Kano, mutum zai gaishe ka ya tambayi gida da gajiya alhali bai san ka ba. Wani mai sayar da kankana ya ji inda za mu, ya ce, "Allah ya ba da sa'ar kasuwa." Na amsa da amin, abokina ya dube ni ya yi dariya.

Maigatari ranar Alhamis sai wanda ya gani. Tun daga nesa ƙarar dabbobi ke taryen mutum. Ga raƙuma a durƙushe suna tuƙa suna kallon kowa a wulaƙance, ga shanu masu ƙahon da zai cika ƙofar zaure, ga jakuna, ga buhunan kanwa da dabino da zoɓo an jibge. 'Yan canji suna zaune a kan tabarmi, sefa a dama, naira a hagu. Hausar ma gauraye take, nan ka ji ana zancen kwastam, can ka ji ana cewa duwan. Rana kuwa tana dukan ƙeya ba sassauci.

Kwatancen da Alhaji Isufu ya ba ni na gidan mai masaukinsa ne, wani Baba Tanimu, a bayan kara, wato kasuwar dabbobi. A kasuwar nan baƙon da ya kawo dabbobi ba ya sayarwa da kansa. Yana da mai masauki, wanda suke kira fatoma. A gidansa yake sauka, shi ke ciyar da shi, shi ke sayar masa, in kuma magana ta taso a kan baƙo, shi ake fara samu, domin shi ya tsaya masa. Duk wannan na san shi a baki, kamar yadda kowa ya sani. Ban taɓa ɗaukarsa abin da ya shafe ni ba.

Zauren cike yake da baƙi, an shimfiɗa tabarmi, ana dama fura a babbar ƙwarya. Alhaji Isufu ya miƙe ya tarye ni da hannu biyu, siririn mutum mai furfura a gemu, ya gabatar da ni ga mai gidan da cewa ga mutanen fim ɗin nan sun iso. Baba Tanimu ya ce mu zauna mu sha ruwa tukuna, magana sai an huce gajiya. Da na zauna na karɓi ludayin nan, da yau ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma jawabina na bakina tun daga Gagarawa, na ƙi zama.

Na ce, "Baba, ba fura ta kawo mu ba. Wannan da kake gani jami'in tsaro ne. Baƙonka ya cinye mana kuɗi, mun zo tafiya da shi ofis."

Ludayi ya tsaya a hannun kowa. Abokina da kansa sai da ya sunkuyar da kai. Baba Tanimu ya dube ni ya ce, "Yaro, a zaurena? Ka tambaye ni aka ce ba na nan? Ka kawo mini ƙara na ƙi saurare?" Bai jira amsa ba, ya ɗauki sandarsa ya ce mu biyo shi.

A bayan gida akwai garke da aka kewaye da karan dawa. Ciki raguna ne, uda da balami, sun yi ɓul-ɓul, kowanne an shafa masa jan fenti a ƙugu. Alhaji Isufu ya nuna su ya ce masu jan duk namu ne. Babban cikinsu ma sunan mugun da ke cikin fim ɗinmu ya sa masa, wai saboda ba ya barin kowa ya ci dusa. Ba wanda ya yi dariya.

Nan a tsaye cikin rana ya yi mini bayanin da ya sha farawa a waya ina katse shi. Ya ce, "Malam, mutanen ƙauye da kaka ba su da sefa a hannu. Mai son kallo tiyar gero yake kawowa, ko wake. In na saida hatsi a lokacin, ya faɗi warwas, me zan aiko muku? Makiyaya kuwa hatsi suke nema, sai na ba su na karɓi 'yan raguna. Kuɗin cikin gari ma na haɗa na ƙaro wasu ragunan. Haka nake yi da nawa rabon, haka ubana ya yi da amanar mutane."

Na ce ai da ya nemi izininmu, yarjejeniya ba ta ce haka ba. Har yanzu ina ganin a nan ina da gaskiya. Shi ma bai ba ni haƙuri ba, ya ce ya faɗa mini na kashe waya, kuma kuɗin dusa da harawa sai an cire a namu, ba zai yafe ko dala ba. Muka ɗan yi ja-in-ja a kan wannan, amma muryar da na tanada ta ƙi fitowa.

Baba Tanimu ya sa aka kora ragunan kara. Na tsaya a gefe ina kallon yadda yake aiki. Mai saye ya taya, Baba ya ce albarka, ya juya baya kamar bai damu ba, mutum ya dawo ya ƙara, sai ya sallama. Fataken kudu suka yi musu rubdugu, kafin la'asar ba saura ko ɗaya. Muka koma zaure, ya kira shaidu, aka cire la'adarsa, aka cire kuɗin abincin dabbobi, ya tura sauran gabana. Abin da na gani ya fi abin da na zo nema, nesa ba kusa ba. Ya ce in duba a gaban mutane in faɗa da bakina ko akwai sauran haƙƙinmu. Na ce babu.

Ya ce, "To, madalla. Wanda ya kawo wa baƙona hukuma ni ya kawo wa. Ka gama da gidan nan, Allah ya kiyaye hanya."

Na fito ban san inda na sa takalmina ba. Alhaji Isufu ya biyo ni har mota da wani ƙulli a hannu. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce mai ɗakin kallon da yake haya a Damagaram ya karɓe makullinsa tun makon da hoton ya fita, kamfanoni biyu na Kano kuma sun janye finafinansu. "Wannan duk kasuwa ce, tana tahiya tana dawowa," in ji shi. "Amma hoton nan, ɗiyata ce ta nuna mini shi a wayarta. A gidan mijinta aka tura mata."

Ya miƙo mini ƙullin. Cuku ne da dabino. Matan wani ƙauye suka haɗa, suka ce a kai wa matar da ta fito a uwa a fim ɗin, wai ta sa su kuka, a gaishe ta. Na tambaye shi kashi na biyu na fim ɗin da muke shiryawa fa? Ya ce mu nemi wani.

Direba ya ce mu koma ta Sule Tankarkar, akwai mai kilishin da ya sani. Hanyar shiru, sai 'yan acaɓa da ke dawowa daga kasuwa, wani ya rungumo tunkiya a gabansa kamar jaririya. Makiyaya suna shayar da shanu a bakin rijiya, rana ta yi ja. Muka tsaya sallar magariba a wani ɗan masallaci kusa da Ɗanzomo, mutanen wurin suka matsa mana sahu, bayan sallama wani ya kawo mana ruwan randa. Direba da abokina sun sayi kilishinsu, ni ban iya ci ba. Da muka hango fitilun Kano, abokina ya ce, "Gobe in za ka irin wannan, kada ka kira ni." Na tuna masa shawararsa ce. Ya ce shi bai ce in yi a zauren mutane ba.

Washegari na biya 'yan wasa, na biya mai tace hoto, Hajiya ta dawo amsa gaisuwa har da tambayar iyali. Na shiga zauren wayar nan na rubuta cewa abin da na faɗa a kan Alhaji Isufu ba gaskiya ba ne, ya biya mu har da riba. Ranar da na sa hotonsa, kafin azahar an yaɗa shi ko'ina. Gyaran kuwa mutum uku ne suka ce Allah ya kyauta, aka ci gaba da tallar sabon fim. Shi ya sa na kawo maganar nan shafina, kuma ina roƙon duk wanda ya tura na farkon ya tura wannan.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Mun kai hajarmu ƙasar mutane ba mu tambayi yadda suke biya ba, da suka faɗa mana kuma muka ce ƙarya ne. In an ce ka zauna ka sha ruwa, ka zauna. Kunya nake ji, irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Jiya na kai wa Mama saƙonta, wadda ta fito a uwa. Ta kwance ƙullin, ta ɗauki cukun tana juya shi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce shekara da shekaru tana wannan sana'a, ba a taɓa aiko mata da komai daga wata ƙasa ba. Sannan ta ce, "Ɗana, in kashi na biyu ya fito, ka gaya wa Alhajin nan ya tafi da ni ƙauyen, in gode musu da bakina."

Na ce to, Mama. Har yanzu ban gaya mata ba.