Abincin da Na Riƙa Zuba wa Kaji

Ina aji shida na sakandare lokacin da abin ya faru, shekarata goma sha bakwai. Ni ce yarinyar da ke zama a bencin ƙarshe kusa da taga, wadda malamai ba sa tuna sunanta sai ranar raba sakamako. Ban iya surutu ba, amma ina da lura. Nakan gane ranar da malamin lissafi bai karya ba daga yadda allin ke rawa a hannunsa. Abin takaici, duk wannan lurar ban taɓa juyo ta kaina ba.

Baba ya rasu saura wata uku mu fara jarrabawar fita. Direba ne a wani ofis a GRA, ya bar mu a gidanmu na unguwar Tirwun a Bauchi wanda ko filasta ba a gama masa ba. Ranar sadakar uku ina bayan zaure ina wanke kofuna, sai na ji Baffa, yayan Baba, yana gaya wa maza cewa sai Umma ta fita takaba za a san abin yi, ko mu zauna a Bauchi, ko a kwashe mu zuwa ƙauye. Ya ƙara da cewa idan 'yar bokon nan ta ci jarrabawa, to an sami dalilin zama. Har wasu suka yi 'yar dariya. Ni kuwa na ɗauki maganar hukunci.

Washegari na koma makaranta. Sai dai kaina ya ƙi riƙe komai. In karanta shafi sau uku, in rufe littafin, abin da ya rage a kunnena kawai ƙarar makullan Baba idan ya shigo. Maimakon in gane baƙin ciki ne, sai na yanke cewa lalaci ne, kuma malalaciya ba ta cancanci abinci ba. Na kafa wa kaina doka: ba zan sa komai a baki ba sai na haddace shafi goma. Yawancin ranaku ko huɗu ba na kaiwa. Idan Umma ta miƙo mini ɗumame ko shinkafa da wake, sai in shiga ɗaki, in juye ta tagar baya, in dawo da kwanon a suɗe. Idan cikina ya ɗauki zafi in jiƙa kanwa in sha. Ƙawata da muke shiga keke ɗaya ta tsokane ni wai ko takarar zama tsinken tsire nake yi, don hijabina ya koma kamar an rataye shi a ƙusa. Na yi murmushi na kau da kai.

Kaji ne suka tona ni. Umma tana zaune a gida ba fita, ta lura sun daina kula dusar da take zuba musu, kuma da an sauke tukunya sai su ruga bayan tagata su yi cirko-cirko. Wata rana da azahar ta shigo da kwano, ta zauna a bakin katifata, ta kira ni 'yar Baba kamar yadda ta saba, ta tambaye ni wa take ciyarwa a ɗakin nan, ni ko kaji. Ta ce ba za ta tashi ba sai na ci. Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba, na ce tana ɓata mini lokaci, idan na faɗi dukanmu ƙauye za mu, kuma laifina ne. Na ci loma biyu don ta fita. Daga ranar na koma ɗaure abincin a leda in yar a hanyar makaranta.

Da safen da za mu rubuta takarda ta uku, ina durƙushe a bakin famfo na yi aman jini. Umma, wadda ko zaure ba ta taka ba tun rasuwar, ita ta rungume ni a keke zuwa asibiti. Ina kwance a cinyarta na ga takalmanta ba iri ɗaya ba ne, ɗaya nata, ɗaya silifas ɗin Baba. Likita ya ce gyambon ciki ne. Kwana goma sha ɗaya na yi a gado, takardu biyar suka wuce ni.

A asibitin ne Umma ta gaya mini cewa tun da Baba ya tafi, akwai ranakun da abin da take iya yi kawai shi ne share rabin tsakar gida, sai ta ajiye tsintsiya ta ce wa kanta na yau ya isa, Allah ya gani. Sannan ta tambaye ni, da ƙanwata ce ta kasa karatu saboda kewar ubanta, zan hana ta abinci? Na ce a'a. Ta ce to wa ya ba ni izinin yi wa 'yarta haka? Da Baffa ya zo dubiya aka tuna masa maganar zaure, ya rantse bai ma san ya faɗe ta ba. Bayan takaba aka bar mu a gidanmu, ba wanda ya ko tambayi sakamakona.

Yanzu ina maimaita aji shida, ƙawayena sun wuce. Ba na cin yaji, ba na cin tsami, kullum da magani a jakata. Na rubuto ne saboda 'yan'uwana ɗalibai da ke karatu da ciwo a zuciya, musamman masu shiru irina, don mu ne ba a ganewa da wuri. Idan rayuwa ta birkice, ƙwaƙwalwa ma takan gaji, wannan ba lalaci ba ne. Ranar da shafi ɗaya kika iya, ki karɓe shi, ki gaya wa wani abin da ke cin ki. Iyaye kuma a kula da abin da ake faɗa a gidan makoki, akwai mai wanke kofuna a bayan bango. Ni dai yanzu sai na ci abincina nake buɗe littafi, kajin Umma kuwa sun koma cin dusarsu.